Albarkar Baturen Rijiya

Labarin ya iso caji ofis na Sakkwato da hantsin Laraba, a bakin wani direban lori da ya taso daga Yawuri. Ya ce jar motar nan ta Baturen rijiya ta rungumi wani gawo a mashigar Shagari, kuma wanda ya mutu a cikinta ba Bature ba ne.

Jin haka hankalin ofis ya kwanta. A shekarar 1958 mutuwar baƙar fata ba ta sa kowa gudu. Bayan an gama shan shayi aka tura Sufeto Na'Allah da Kofur Mode.

Duk mai bin wannan hanya ya san motar. Kujera biyu gare ta, ba rufi, cikinta na shafar ƙasa kamar na damo. Mai ita injiniyan haƙa rijiyoyi ne da ke zaune a barikin Bodinga. Ya kawo ta daga ƙasarsu don ya yi gudu a ƙasar da ba ta da hanya. Yanzu Turawa sun fara ɗaure kaya, shi ma ya sa ta a kasuwa.

Sun tarar da gawar a gindin gawon an lulluɓe ta da zane. Wani sajen 'yan dokan En'e na tsaye yana korar ƙuda da 'yan kallo da bulala ɗaya.

"Wane na?" in ji Sufeto.

"Maniru na, ranka shi daɗe. Ƙanen Alhaji Mainasara mai albasa, na Bodinga. Kuma kada ka wahal da kanka, mun kama mai laihi tun ɗazu."

"Wa kunka kama?"

"Arzika, makanikin Bature. In mota ta yi ɓarna, ai makaniki na."

Sufeto bai yi gardama da wannan ilimi ba. Ya koma baya yana bin sawun taya a kan jar ƙasa har kwanar. Ba inda tayar ta ja ƙasa. Wanda ke tuƙin ko dai bai taka burki ba, ko ya taka bai sami kowa a gida ba.

Sufeto ya cire hularsa ya shiga ƙarƙashin motar. Notin da ke riƙe bututun man burki a kwance yake, gefensa na ƙyalli inda sifana ta cije shi kwanan nan.

Ya fito yana kakkaɓe wando, ransa a ɓace. Da safe Arzika sakaci ake tuhumarsa da shi, abin wata shida. Yanzu da Sufeto ya yi aikinsa da kyau, maganar ta koma ta igiya.

A ɗakin tsaro na 'yan doka a Bodinga suka sami Arzika zaune a ƙasa, ya rungume hannunsa na dama. Hannun ya kumbura kamar kabewa. 'Yan doka sun riga sun yi masa tambayoyi.

"Wa yat taɓa burkin motar ga?" in ji Sufeto.

"Wallahi ba ni na ba, yallaɓai. Shekara huɗu ina wanke ta kamar jinjiri."

"Jiya ka bar wurinta?"

"Ko taki ɗaya ban yi ba."

Kofur Mode, wanda ya riga ya zagaya tasha ya ɗebo labari, ya yi tsaki. "To wane na anka gani tasha da la'asar da galan biyu na fetur? Tagwai kake?"

Arzika ya sunkuyar da kai. Ya ce ya ga Bature zai tafi ya bar shi ba aiki, shi ya sa ya ɗan rage masa nauyin fetur. Ya fita da la'asar, bai dawo ba sai da aka kira magariba.

"Rataye ni za a yi, yallaɓai?"

"Ban sani ba," in ji Sufeto. Gaskiya ya faɗa, kuma ba ta yi wa kowa amfani ba.

A bariki, kafin ya nemi Bature, sai da ya tsaya gindin dogon yaron da motar ke kwana. Man burki ya ɗiga ya yi baƙin tabo a ƙasa. A jikin tabon farin gashin rago ya manne. Sufeto ya tsinci gashin ya murza. Makaniki a kan ƙasa yake kwanciya. Wanda ya kwanta nan mutum ne mai tsoron rigarsa, har ya shimfiɗa buzu.

Baturen rijiya na tsakiyar akwatuna, dogo, jajir, da kofi a hannu. Ya ci jarrabawar Hausa ta gwamnati, an ƙara masa albashi a kanta, don haka bai yarda a yi masa Turanci ba.

"Abin baƙin ciki ƙwarai, Sufeto. Mota mai kyau."

"Da mutum a ciki, ranka shi daɗe. Wa yab ba Maniru makulli?"

"Ni ne. Ya zo da safe, ya ce yayansa yana zuwa. Na ce, ga makulli, kai masa. Ya yi murna kamar yaro. Na ji shi ya bi hanyar Shagari."

"Ka ba shi motarka haka nan?"

"Ba tawa ba ce. Na sayar wa Alhaji jiya. Na sa fam ɗari huɗu, ya ba ni ɗari biyu da hamsin. Jirgina yana tashi daga Ikko ƙarshen wata, wa zan jira? Na karɓa. Dillali yana nan, ka tambaye shi."

Dillalin sunansa Malami, mutumin da ya yi shekara talatin yana haɗa cinikin shanu da dawaki, kuma wannan ce motarsa ta farko. Sun same shi a rumfarsa a kasuwa, ya dawo daga jana'iza, yana cin goro a hankali kamar mai jin haushinsa.

"An ce ka haɗa ciniki jiya."

"Wane ciniki? Wa yac ce? Ciniki ya watse, ranka shi daɗe, ko sisin la'ada ban gani ba."

"Ba ni labari."

Malami ya gyara zama. Ya ce Alhaji ya daɗe yana mafarkin motar nan. Tun yana karen mota, kafin ya zama direba, kafin albasa ta mai da shi Alhaji, yake cewa wata rana sai ya hau abin da Bature ke hawa. Sun je bayan azahar. Alhaji ya zagaya ta kamar yadda ake zagaya saniya, yana lissafa aibi don a rage masa.

"Yac ce ba ta da ruhi, damina na zuwa. Bature yay yi dariya. Yac ce kujera biyu, shi ko mai iyali na. Bature yay yi dariya. Yac ce ko buhun albasa guda ba ta ɗauka, cikinta kuma ko tudun tururuwa sai ya tsai da ta. Nan ma dariya. Alhaji yat taya ɗari biyu da hamsin."

"Sai Bature yac ce mi?"

"Yam miƙe tsaye, yak kama hannun Alhaji yana girgizawa, haƙora duk waje, yana cewa, 'Albarka! Albarka!' Yas shige ɗaki yab bar mu. Ni tun da nike dillanci ban taɓa ganin an ƙi tayi da wulaƙanci irin wanga ba. Ko 'ƙara kaɗan' bai ce ba."

Sufeto bai ga laifin Malami ba. Ko yaron da aka aika sayen daddawa ya san in mai kaya ya ce albarka, ya ƙi tayinka ke nan.

"Tare kunka baro bariki da Alhaji?"

"Tare."

"Kofur, mai kilishin tasha mi yac ce maka?"

"Ya ce Malami shi kaɗai yaz zo, har yana neman gyara."

Malami ya tofar da goron. Ya ce to, Alhaji ya ce ya yi gaba, shi zai yi la'asar a nan gindin itace, tun da buzunsa na hannu. Ya kuma ce masa gobe da hantsi ya dawo da shaidu biyu.

"Shaidun mi?"

"Cewa yay yi motar tana da aibi, sai dai ba ta nuna ba tukuna."

Sufeto ya koma bariki da tambaya ɗaya. Bature ya amsa ta cikin jin daɗin ɗalibin da aka tambayi abin da ya haddace.

"Albarka na ce, mana. Kalma mai kyau. Wato Allah ya sa alheri a cikin abin da ka saya. Haka malamina ya koya mini. Akwai kuskure?"

"A'a, ranka shi daɗe," in ji Sufeto. "Hausarka ta yi."

Ba aikin Sufeto ba ne gyara wa Bature Hausa, kuma ba a taɓa ƙara wa kowa girma a kan haka ba.

An riga an kai Maniru. Ƙofar gidan Alhaji Mainasara cike take da masu gaisuwa a kan tabarmi. Alhaji na zaune a zaure, ƙaton mutum, idanunsa sun yi ja, carbi na yawo a hannunsa ba tare da ya san inda ya kai ba. Sufeto ya yi ta'aziyya yadda ta kamata, sannan ya roƙi a ba su wuri. Zauren ya rage su uku.

"Alhaji, ka sayi motar ga?"

"Ban saya ba. Bature ya ƙi. Da ma Allah ya tsare ni da mota marar burki. Ƙanena na bai tsira ba."

"Wa yac ce maka burki na?"

Carbin ya tsaya.

"Mutane ka hwaɗi."

"Mutane cewa sukai gudu yay yi yawa. Ni da Kofur kaɗai munka shiga ƙarƙashinta. Tashi ka ba ni buzun da kake zaune bisa."

Alhaji bai tashi ba. Kofur Mode ya ɗaga gefen buzun. Baƙin tabon mai ya ci gashin ragon, faɗin tafin hannu.

Daga cikin gida kukan Safinatu matar Maniru na tashi yana faɗuwa. Alhaji ya saurara kamar yau ya fara jin kuka.

"Ragi nike nema," ya ce a hankali. "Ragi kawai, Sufeto. Duk aibin da nik kawo dariya yay yi, don ba aibin da Bature ka gani ba na. Nic ce bari in yi mata wanda zai gani. Rabin juyi niy yi ma notin. So nike da hantsi a tashe ta cikin bariki, a hankali, gaban shaidu, a taka burki shi ƙi, in ce to ka gani, yanzu nawa? Daga baya in ɗaure abina da hannuna. Maniru saƙo niy aike shi. Shi ce ina tahe, shi ke nan. Mi zai sa Bature shi ba shi makullin motar da yah hana ni?"

Sufeto ya so a ce wani ne zai ba da wannan amsa.

"Bai hana ka ba. Ya sallama maka tun jiya, a kan tayinka."

"Albarka yac ce! Da kunnena!"

"Addu'a yay yi maka, Alhaji. Iyakar abin da yas sani ga kalmar ke nan."

Alhaji ya dubi Kofur, ko zai ce wasa ake. Kofur na kallon ƙasa.

"Lokacin da nis shiga ƙarƙashinta..."

"Ta riga ta zama taka," in ji Sufeto.

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Alhaji, ba dariya ba, ba kuka ba. Ya miƙa hannuwansa biyu. Sufeto ya ciro ankwa, ya dubi taron da ke waje, ya mayar da ita aljihu.

Ya tura Kofur ya ce wa 'yan doka su saki Arzika. Sun sake shi kafin la'asar, ba igiya, ba aiki, da hannun da bai sake riƙe sifana ba. A rahoton gwamnati an sa shi cikin waɗanda gaskiya ta kuɓutar.

Sufeto da Alhaji suka fito kafaɗa da kafaɗa, masu gaisuwa na buɗe musu hanya. Daidai nan jaki ya tsaya a ƙofar gida, aka sauko da wata tsohuwa da aka ɗauko daga Sifawa. Ta kama rigar Alhaji.

"Mainasara, ina za ka, ƙanenka ko kwana bai yi ba?"

"Rakiya za ni yi ma baƙo, Inna."

"To kada ka daɗe, kai ɗai kar rage min." Ta juyo ga Sufeto tana laluben fuskarsa da idanun da suka dushe. "Kai na ɗan sandan? Bisa hanya anka ce min an kama wanda yak kashe min ɗa. Gaskiya na, ɗan nan?"

"Gaskiya na, Inna."

"Allah shi yi maka albarka. Kada ku sake shi."

Sufeto ya buɗe wa Alhaji ƙofar motar 'yan sanda. Tsohuwar na tsaye tana ɗaga musu hannu har suka sha kwana.