Yaron da Ya Cuɗa Sarƙar Keke da Yashi

A garin Gwandu akwai wani yaro da babansa ya sayi keke. Baba ya ba Lawal, ƙanen yaron, aikin shafa wa sarƙar keken mai. Ya kuma ce zai tafi da shi Kalgo, sunan jaririn Gwaggo Rahmatu.

Kishi ya kama yaron, har tuwo ya daina yi masa daɗi.

"Ni ne babba, amma Lawal aka zaɓa," in ji shi a ransa. "Dubi sarƙar ma, baƙa ƙirin. Zan nuna na fi shi."

Ya sha ganin Inna tana cuɗa tukunya da yashi da toka. Sai ya faki ido ya yi wa sarƙar haka, har ta yi fari tas. Garin neman gira, za a rasa ido.

Da sassafe Baba ya goya Lawal suka kama hanya. Ba su yi nisa ba sarƙar ta fara ƙara, can sai ta tsinke. Suka turo keken gida.

"Lawal, ba ka sa mai ba," in ji Baba. "Ka fasa zuwa Kalgo."

Lawal ya fashe da kuka. Yaron ya zaci zai ji daɗi, amma sai kunya ta rufe shi.

"Baba, ni ne," ya ce. "Na wanke ta da yashi don ka yabe ni."

Baba ya ce, "Zo ka gani. Igiyar keken ɗinki takan sulluɓe, amma sarƙa tana kama haƙoran nan gam. Shi ya sa take jan mutum biyu. Sai dai mai ne abincinta, yashi kuwa cinye ta yake yi. Baƙin da ka raina, shi ne aikin ƙanenka."

Yaron ya roƙi Lawal gafara. Shi ya tura keken har rumfar Bawa mai gyara, aka ɗinke sarƙar.

Sun rasa raɗin suna, amma washegari sun je barka su uku, Lawal a gaba, yaron a baya riƙe da kwalbar mai.

Daga ranar ya gane cewa mai kishi ɓarna yake yi, ko da ya zaci gyara ne.