Ƙarar Da Ke Kunnen Habibu

"Ka ce musu ƙarar ta daina," in ji Amatu. "Iyakar abin da nake roƙonka ke nan. Wa zai leƙa cikin kunnenka ya ƙaryata ka?"

Habibu ya kafa ido a ƙasa. Yana zaune a bakin tabarma a zauren gidansu Amatu da ke Gumel, ya karkato kansa gefe guda yadda ya saba in yana son ya kama magana sosai. La'asar ta yi sanyi, unguwa shiru, kuma Amatu ta san irin wannan shirun ne ya fi wahalar da shi.

"Yaya Habibu, da kai nake."

"Na ji ki, Amatu."

"To me likitan ya ce?"

Ya sauke numfashi. "Ya ce ƙarar injin niƙa ce ta lalata wasu 'yan abubuwa a can cikin kunnen, kuma ba sa tsirowa. Tunda ta daɗe haka, da wuya ta tafi. Amma ya ce ba ta kisa, ba ta taɓa hankali. Wai in na daina tsoronta, wata rana zan riƙa mantawa tana nan."

"Wata rana..." Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Inna ba ta san wata rana ba. Ta tafi ko ba ta tafi ba, shi kaɗai za a tambaye ka ranar Asabar."

"Kuma ba ta tafi ba."

"Ka ce ta tafi!"

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta. Idanunsa sun faɗa saboda rashin barci.

"In na ce ta tafi, ranar da ta taso mini a ɗakinki na kasa runtsawa, na tashi da ɓacin rai, wa za ki kai wa kuka? Kin rufe wa kanki ƙofar gida ke nan, masoyiyata. Ni ba zan ɗauko ki da ƙarya ba."

"Wato gaskiyarka ta fi ni."

"Ban ce ba."

"Za mu gani," ta ce, ta miƙe ta shige gida ba ko sallama.

Amatullahi ta san Habibullah ne lokacin da aka tura ta koyarwar gwaji a wata firamare a Gagarawa. Matar gidan da ta sauka ta aike ta niƙan gero, ta tarar da wani dogon saurayi fari fat da gari tun daga gira har ƙafa, yana magana da ƙarfi kamar mai faɗa. Ta zaci masifaffe ne. Daga baya ta gane tun yana ƙarami yake tsaye a gaban injin nan, kuma tun da mahaifinsa ya rasu injin ne ke ciyar da mahaifiyarsa da ƙannensa.

Shi da bakinsa ya gaya mata zancen ƙarar. Ya ce kamar gyare ne ya shiga kansa ya ƙi fita. Da rana hayaniya na rufe shi, da an kashe inji sai ya dawo da kukansa. In zai kwanta sai ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa.

Ita kuma, cikin hira da rashin tunani, ta gaya wa mahaifiyarta.

Inna A'i tana tankaɗe a ranar. Ta ajiye rariyar.

"Yana jin abin da mutane ba sa ji?"

"Ƙara ce kawai, Inna."

"Haka ake farawa."

Daga ranar aka dakatar da sa rana. Inna ta ce sai ya warke. Babu abin da Habibu bai gwada ba. An ɗiga masa man shanu mai ɗumi, an yi masa hayaƙi, ya sayi wani ruwa a kwalba a kasuwar Maigatari wanda ya kumbura masa kunne har sai da ya kwanta. An yi ruƙiyya, malamin ya ce shi bai ga aljani ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ƙawayen Amatu suka yi aure har da masu goyo. A ƙarshe ya tafi Kano wajen likitan kunne, ya dawo da amsar da ya faɗa mata a zaure.

Ranar Asabar ya zo da kawunsa Haladu. Malam Ilu, mahaifin Amatu, ya tarbe su a zaure. Inna ta tsaya a bayan ƙofa, Amatu na bayanta.

Bayan gaisuwa Malam Ilu ya gyara murya.

"Habibu, ni ban ga aibunka ba. Amma hankalin uwar yarinya bai kwanta ba. Tsakaninka da Allah, abin nan da kake ji ya daina?"

Amatu ta damƙe gefen mayafinta. Ka ce eh, take faɗa a ranta, ka ce eh kawai...

"Baba, bai daina ba," in ji Habibu. "Ko yanzu da muke zaune ina jin sa. Likita ya ce mai yiwuwa da shi zan mutu. Amma ya tabbatar mini ba ciwon hauka ba ne."

Kawu Haladu ya shiga bayani, yana cewa rabin masu niƙa haka suke, direbobin manyan motoci ma haka. Inna ba ta tsaya ji ba. Ta juya ta koma tsakar gida, Amatu ta bi ta.

"Inna, don Allah..."

"Ki zauna in gaya miki abin da ban taɓa gaya miki ba." Inna ta jawo tabarma. "Ina da wa, Sajo. A Sule Tankarkar muka tashi. Babu saurayin da ya kai shi natsuwa. Rana ɗaya ya ce yana jin ƙugi a kunne. Muka yi dariya. Daga ƙugi sai ya ce ana kiran sunansa. Daga nan ya ɗauki taɓarya ya bi matarsa. Ni na riƙa kai masa tuwo inda aka ɗaure shi, har ya rasu bai gane ni ba. Ki ce in ɗauke ki in kai ki gidan da za a fara da ƙugi?"

"Ba iri ɗaya ba ne, Inna. Likita ya ce..."

"Likita zai kwana a ɗakin da ke?"

Kafin sati ya zagayo aka mayar da kayan da dangin Habibu suka kawo. Wadda aka aika da kayan ba ta iya bakinta ba, sai magana ta bazu a Gagarawa cewa an hana Habibu mata saboda taɓin hankali.

Amatu ba ta yi fushi da Inna kamar yadda ta yi da shi ba. Kalma ɗaya ta roƙa, ya hana ta. Ya kira ta a waya, ta ƙi ɗagawa. Ya turo saƙo, ta goge ba ta karanta ba. Da kiran ya ishe ta sai ta cire layin ta jefa a kwata. Ya zo Gumel da kansa ya yi sallama, ta aika a ce ba ta nan, tana jin tashin babur ɗinsa ta kifa kai a kan katifa tana kuka.

Ta ci gaba da zuwa makaranta tana dawowa. Manema suka zo, duk wanda aka ce yana sallama sai ta ce kanta na ciwo. Ta rame har zobenta ya daina zama a yatsa. Duk Inna tana gani.

Bayan girbi Inna ta je asibiti awon hawan jini. Ta dawo ta zauna a kan tabarma ba ta ko cire hijabi ba.

"Amatu, zo."

Ta zo ta durƙusa.

"Na zauna a layi kusa da wata tsohuwa daga Maigatari. Wai tun haihuwarta ta fari aka yi mata wasu allurai na zazzaɓi, kunnenta ya kama ƙara. Har yau. Ga ta da jikoki, ita ke riƙe da adashin unguwarsu, hankalinta ya fi nawa." Ta gyara zama. "Da na shiga na tambayi likita zancen Sajo. Ya ce wanda ke jin muryoyi daban, mai jin ƙara daban. Ya ce ciwon Sajo ma da yanzu ne, da an ba shi magani."

Hawaye ya zubo wa Inna. Amatu ba ta taɓa ganin haka ba.

"Na zalunci yaron nan Habibu. Na yi magana da babanku. Gobe ki bi Goggonki Rabi ku je ku gai da mahaifiyarsa, ku ji ko da sauran hanya. In akwai, maza su je."

Washegari suka shiga motar Gagarawa, ita da Goggo Rabi, ƙanwar Malam Ilu. Duk tsawon hanya Amatu tana shirya abin da za ta ce. Za ta ce ya yafe mata. Za ta ce ita ma za ta saba da barci da rediyo.

Mahaifiyar Habibu ta karɓe su da fuska ba yabo ba fallasa. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa. Goggo Rabi ta fara kewaye-kewaye, matar ta katse ta.

"Ai da kun yi waya da ba ku sha hanya ba. Gidan mahaukata kuka zo. Ɗana ya yi wata da watanni ba ya iya ɗaga kai a masallaci, yara na nuna shi. Yayana ya ce shi ya san Habibu tun yana tsumma, ya ba shi 'yarsa. An ɗaura Juma'ar da ta wuce." Ta ɗaga murya. "Ummi, fito ki gai da baƙi."

Wata yarinya ta fito daga ɗakin da aka yi wa sabon fenti, lalle bai gama fita daga hannunta ba. Ta durƙusa ta gaishe su da ladabi.

Amatu ta amsa. Ita kanta ba ta san da wace murya ba.

Ta bar Goggo a nan ta ce za ta sha iska. Ƙafarta ce ta kai ta rumfar niƙa. Injin na ta ruri. Habibu na tsaye a gabansa da wani abin tare ƙara kamar faifai biyu a kan kunnuwansa. Da ya hango ta sai ya kashe injin ya cire abin, matan da ke layi suka bi su da kallo.

Suka koma gefen bishiyar darbejiya.

"Amatu..."

"Na zo yi maka murna." Ta kau da kai. "Inna ce ta aiko mu. Ta sauko."

Ya rufe ido.

"Na kira ki har na rasa lambar. Na zo ƙofar gidanku. Da kin ce mini in jira, ko da kalma ɗaya ce, wallahi da har yau ina jira. Amma shiru kika yi, ga tsohuwata tana kuka kullum."

"Na sani."

"Ummi ba ta yi mini laifin komai ba. Kuma kin san tsohuwa ba za ta taɓa yarda wata daga gidanku ta..."

"Ban tambaye ka ba, Yaya Habibu." Ta share ido da bakin mayafi. "Ya kunnen?"

"Yana nan. Amma ya yi sauƙin ɗauka. Wani lokacin sai in yini ban tuna da shi ba, sai in wani ya tambaya."

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Ka koma, mata na jiran ka."

Bai motsa ba, sai ita ta juya. Ba ta kai kwanar layin ba ta ji injin ya sake tashi.

A mota Goggo Rabi ta yi ta faɗa a kan rashin mutuncin da aka yi musu. Amatu ta jingina kai da gilashi tana kallon gonakin da aka gama yankewa.

Sun isa Gumel ana kiran la'asar. Inna na tsaye a bakin zaure, da alama ta daɗe a wurin. Ta dubi fuskar Goggo, ta dubi ta 'yarta.

"Kin gan shi? Me ya ce?"

Amatu ta cire takalmanta ta riƙe a hannu.

"Ya ce a gaishe ki, Inna."

Ta raɓa ta gefenta ta wuce ɗaki, ta turo ƙofa.