Ƙwarin da Ke Bayan Ganye

A bakin rumfar mai furanni suka ƙulla magana. Ita tela ce, ta zo da ganye guda a leda, ya nannaɗe, yana danƙo kamar an shafa masa zuma. Ta ce na furen kala ne, farin nan mai kama da mazurari. Marigayiya mahaifiyarta ta bar su a tukwane a falo, kuma Babanta ba ya shan shayi sai yana kallonsu. Suka shirya: shi ya warkar da furen, ita ta ɗinka masa labulen rumfa.

Bai ko kalli fuskarta ba tukuna, ganyen ya juya.

"Wanda ya duba saman ganye bai duba komai ba," in ji shi. "Ɓarawon a ƙasa yake kwana."

Da ya zo gidan ya nuna mata. Farin abin nan mai kama da auduga a gindin ganye ƙwaro ne, ruwan jikin furen yake tsotsa, danƙon kuwa kashinsa ne. Ya jiƙa auduga da sipirit yana goge su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya fesa ruwan sabulu. Ita kuwa tambaya ba ta ƙare mata: a ina suke haihuwa, suna da ido, suna barci? Namiji kuma in aka tambaye shi abin da ya sani, ai an gama da shi.

Sai saƙo ya fara zirga-zirga.

"Likitan ganye, na ga ɗaya yana motsi. In kashe ko in jira ka?"

"Jira ni, Mai allura. Shi ba ya sauri, ni nake yi."

Furen ya farfaɗo, sai ƙwarin suka dawo. Ya sake zuwa, suka sake dawowa. Baba tsohon direba ne, ya sha hannun makanikai. Ya ce motar da aka gyara yau ta tsaya jibi, mai gyaran ya san abin da ya kwance. Yaron nan shi yake zuwa da ƙwarin don ƙafarsa ta saba da gidan, kada ya sake ganinsa. Dama Baba yana da nasa gwanin, ɗan abokinsa mai shagon waya, wanda tun da ya ji tana son fure ba ya zuwa hannu rabbana. Kullum da sabuwar tukunya daga bakin titi, Baba kuma ya jera ta kusa da na matarsa.

Zargin Baba ya shiga zuciyarta, ta daina amsa saƙo. Na ƙarshe da mai furanni ya turo gajere ne.

"Ba zan yi musu da Baba ba. Ki dai kula da furen Mama, ko ba ni."

Tukunya guda ta mutu murus. Baba ya daina zama a falo.

Wata safiya tana shara ta ga kiyashi sun yi layi a gefen taga. Da wata ce da ta share su ta wuce, ita sai ta tsuguna tana son sanin ina za su. Danƙo suke bi. Layin ya kai ta ga tukunyar da mai waya ya kawo, wadda ganyenta ke taɓa na kala. Ta ɗaga ganyen. Fari fat, har gindi.

Ta kira Baba, ta miƙa masa tabarau. Ya daɗe a sunkuye.

"Ashe da hannuna na ba su masauki," ya ce. "Kira mini yaron nan."

Mai furanni ya zo, ya durƙusa ya gaishe shi. Bai yi gori ba. Ya ce dai baƙon fure ana ajiye shi nesa na ɗan lokaci, a duba shi, kafin a haɗa shi da 'yan gida.

"To kai ma mun ajiye ka nesa, mun duba," in ji Baba. "Turo manyanka."

An ɗaura aure furen yana buɗewa, Baba ya sa albarka. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari.

Mai waya ne ya yi asara, alhali alheri ya nufa. Mai furanni ya samu mata mai tambaya, zai gane kurensa. Baba kuwa furensa ya tsira, amma yanzu da kansa yake dafa shayi.