Gem Ɗin Likita

Da hantsin Litinin Likita ya shigo caji ofis da farar rigar aiki a hannu, ya ce an sace masa gem. Sufeto ya ɗauka na yara ne. Ashe nasa ne na kansa, na'urar wasa da ake haɗawa da talabijin, wadda yake buga ƙwallo a kanta da ƙaninsa da ke karatu a ƙasar waje.

"Kuma ba sai kun wahala ba," in ji Likita. "Na san wadda ta ɗauka."

Injiniya ake ce mata a unguwar. Ita ke shiga gidaje tana haɗa intanet, tana jan waya, tana saita rauta, akwatin da ke raba intanet a gida. Ranar Asabar ta yini a falon Likita saboda gem ɗin ya ƙi hawa intanet. Ranar Lahadi Likita da matarsa suka fita ziyara, suka dawo babu gem ɗin, ƙofa kuma a kulle yadda suka bar ta.

"Ta ga inda muke ajiye makulli, ƙarƙashin tukunyar fure. Na ma sa hotonta a guruf ɗin unguwa, kowa ya yi hattara."

"Kafin ka zo nan?"

"Tun jiya."

Sufeto ya tura Saje ya ɗauko ta, shi kuma ya bi Likita gida.

Falon tsaf yake. A ƙarƙashin talabijin akwai gurbin da ƙura ba ta taɓa ba. Wata shuɗiyar waya ta taso daga rauta, ta bi gindin bango, an ɗaure ta da ƙananan ƙusoshi a jere kamar an auna da ma'auni. Amma a ƙarshenta an fizge ta. Kan roban ya tsinke, siraran wayoyin ciki sun barbaje, ƙusoshi na kusa sun fita har da fenti.

"Wa ya ja wannan wayar?"

"Ita."

Sufeto ya durƙusa ya juya tsinkakkiyar wayar a yatsunsa. Kan irin wannan waya yana da ɗan harshe da ake dannawa wayar ta zame da kanta. Wanda ya cire ta bai san da shi ba.

"Ban da ku, wa ya san wurin makullin?"

"Babu," in ji matar Likita daga bakin ƙofar kicin.

"Sai dai Auta, ƙaninta," Likita ya ce. "Shi kuwa ɗan gida ne. Abin da kawai yake sata a nan nama ne a tukunya."

"Auta bai leƙo mu ba tun makon jiya," ta ce da sauri, ta koma ciki.

A ofis ya tarar da Injiniya a bayan kanta. Doguwa ce, siririya, ta miƙe baya a kan benci kamar mai jiran a kira ta jarrabawa. An karɓe jakar kayan aikinta da wayarta. Saje ya ce tun da ta zo ko ruwa ba ta roƙa ba.

"Me kika yi a gidan ranar Asabar?"

"Aikina."

"Yi min bayani. Ni ba injiniya ba ne."

Ta dube shi, ta ga da gaske yake. "Gem ɗin yana ganin waifai, amma katanga ta yi kauri, yana yankewa. Na ja masa waya. Ya hau, amma ya ƙi haɗa shi da ƙaninsa, don rauta ta rufe ƙofofin da wasan ke bi. Rauta tana ba kowace na'ura lamba, kamar lambar ɗaki a otel, kuma tana canzawa. Sai na shiga cikin gem ɗin na rubuta masa lamba ɗaya da hannuna, na buɗe wa lambar ƙofofi. Na kuma canza kalmar sirrin waifai, don rabin layin a kansa suke kallon fim."

"Aka samu?"

"A gabana ya ci ƙaninsa biyu da nema. Har rawa ya taka."

"In an kai gem ɗin wani gida fa?"

"Zai kunnu. Intanet ne ba zai hau ba. Zai tsaya yana neman rautar Likita, sai an goge abin da na rubuta."

Saje ya sa baki. "Malama, Likita ya ce in kin dawo da shi kin ba shi haƙuri, magana ta mutu. Ki rage wa kanki wahala."

"In ba shi haƙurin me? Na gyara masa intanet?"

Sufeto ya ce ta kira wani nata ya yi belinta.

"Ba na so, Yallaɓai. Tun safe gidajen da na yi alkawari da su suke soke aiki. Sana'ata shiga ɗakin mutane ce. In na fita da beli, ɓarauniya ce aka yi wa alfarma, babu mai sake buɗe min ƙofa. Ina nan zaune har ku kawo mai shi."

"Bencin ba shi da daɗi."

"Na zauna a wanda ya fi shi tauri har na gama digiri."

Ta kwana a nan. Kofur, 'yar sandan da ke aikin kanta, ta ba ta zani ta rufa.

Washegari Sufeto ya samu Auta a ɗakin da yake haya, yana shafa turare a gemu. Saurayi ne mai fara'a, ya girmi Injiniya ma.

"Gem? Ranka ya daɗe, ni ko yadda ake riƙe abin ban sani ba. Mijin Yaya ne bai girma ba."

"Yaushe rabonka da gidan?"

"Tun makon jiya. Yaya za ta faɗa maka."

"Ta faɗa. Ka san yarinyar?"

"Wannan mai ɗaga hancin? Tun da na ji labarinta na san za a rina. Ka ga fa har waifai ta kulle wa mutane. Gidan yayarka, ka shiga, wayarka ta ce wai kalmar sirri ba daidai ba! Wa ya aike ta?"

Sufeto ya gyaɗa kai kamar ya tausaya masa. Ranar Asabar aka canza kalmar. Wayar da ba ta shiga gidan ba tun makon jiya ba ta da yadda za ta sani. Amma wannan bai isa a kama mutum ba, kuma ɗakin babu talabijin, balle gem. Ya yi masa sallama.

Yana zama a ofis wayar Injiniya ta fara ruri a cikin durowa. An rubuta "Mai Aski" a kan allo. Ya sa aka kawo Injiniya, ya danna yadda kowa zai ji.

"Injiniya, taimaka!" in ji muryar. "An kawo min gem shago don masu jiran layi. Tun jiya muke fama. Na kashe rauta na kunna, na sake sa kalmar sirri, na sayi data, har busa na yi wa ramin waya. Wayoyin kowa suna hawa, shi kaɗai ya kafe."

"Shiga saiti," ta ce. "Wajen intanet. Lambar na'ura, an bar ta ta zo da kanta ko da hannu aka rubuta?"

"Da hannu aka ce."

"Kada ka taɓa komai. Ga ni nan."

Ta rubuta lambobi a tafin hannun Sufeto da bironsa, ta ce su zai gani.

Shagon askin ɗan ƙarami ne, kujera biyu da madubi mai tsaga. Gem ɗin na kan wani kwali a ƙarƙashin talabijin. Mai Aski ya ga kaki ya saki kilifa a kan mutum rabin aski. Sufeto ya buɗe tafinsa kusa da allon. Lambobin ɗaya ne. A ramin bayan na'urar kuma ga guntun kan shuɗiyar waya a maƙale.

"Wa ya kawo?"

"Auta. Ya ce na mijin yayarsa ne, ya gaji da shi. Wallahi ban san..."

"Ba ka cikin guruf ɗin unguwa?"

"Sun cire ni, Yallaɓai. Wai na cika talla."

"Kira shi. Ce masa gem ya hau intanet."

Auta ya shigo da gudu yana tafa hannu, yana cewa a ba shi hannun farko. Sai ya ga Saje a bayan ƙofa. Fara'ar ta tsaya a fuskarsa ba ta san inda za ta ba.

"Ai ba ka san yadda ake riƙewa ba," in ji Sufeto.

"Aro na yi, ranka ya daɗe."

"Daga wa?"

Saje ya karkaɗa ankwa.

"Yaya ce kullum take kuka da shi. Mutum ya dawo daga asibiti, ko sannu babu, sai ƙwallo. Da aka gyara intanet ɗin ta ce shi ke nan, ta rasa miji. Na ce bari in ɗauke mata. Na ɗauka zai yi fushi ya haƙura. Ban san zai je caji ofis ba."

"Ta san kai ne?"

"Na gaya mata ranar."

"Kuma kun san akwai wadda ta kwana a benci."

Auta ya sunkuyar da kai. Saje ya sa masa ankwa ya fita da shi zuwa mota, masu jiran aski suka dare suka ba su hanya.

Likita ya iso ofis da matarsa, wadda za a ɗauki bayaninta a karo na biyu. Ba ta ɗaga ido ba. Shi kuwa ya tsaya gaban Injiniya yana murza hannu.

"Ƙanwata, kuskure ne. Ki yi haƙuri."

Tana duba jakarta, tana tabbatar da kayan aikinta ɗaya bayan ɗaya. "Haƙuri na riga na yi shi, Likita, ga bencin nan shaida. Fito da wayarka."

Ya fito da ita.

"Buɗe guruf ɗin. Ba rubutu ba, murya. Ka faɗi wanda ya ɗauka, ka faɗi yadda kuke da shi, ka ce ni aikina na yi."

Likita ya dubi matarsa, ya dubi Sufeto. Sufeto ya ci gaba da rubutunsa.

"Maganar gida ce, ai da..."

"Hotona ma ba na titi ba ne."

Ya danna, ya yi magana, muryarsa can ƙasa. Ta ce ba a ji ba. Ya sake, da ƙarfi, har Kofur ta leƙo daga kanta. Injiniya ta jira sai da ta ga saƙon ya shiga, sannan ta rataya jakarta.

"Wayar da aka tsinke fa?" Likita ya ce a hankali. "Wa zai..."

"Akwai masu gyara da yawa a gari," ta ce, ta ninke zanin Kofur ta miƙa mata, ta fita ta ƙofar gaba.