Aljanin da Masu Karatu Suka Tsine Wa

Ranar wata Laraba ce. Ruwan la'asar ɗin nan na Kuala Lumpur ya zuba ya ɗauke, gari ya yi lumshi. A wani bene na Taman Melati, hawa na goma sha bakwai, Hadijatu tana kicin tana soya albasa. Mijinta Dakta Abdulmajid, malamin jami'a, bai dawo ba tukuna. 'Yarsu tilo Rufaida, mai shekara goma sha tara, ta rufe ƙofar ɗaki tana karatun da ta saba.

Ba karatun makaranta ba ne. Littafin waya ne, sunansa Jini a Kwalta, wata marubuciya ce daga gida take sakin sa babi-babi. Labarin 'yan daba ne a wani babban birni, da ubangidansu matsafi, da aljaninsa Dambarau da yake turawa ya shaƙe duk wanda ya ga abin da bai kamata ya gani ba. Matan Najeriya na garin suna da guruf a waya, su kusan ɗari uku, yawancinsu hannu na cikin wanke-wanke da reno, ba sukunin ƙura wa waya ido. To Rufaida Allah ya ba ta murya. A nan ta girma, Hausarta ma da ɗan gargada, amma in ta kama karatu sai ka ajiye abin da kake yi. Kullum gab da magariba take naɗar babi guda ta tura musu. In ta iso kan Dambarau sai ta kaurara murya, ta ja sunan a hankali.

Ran nan babin da ta tura, Dambarau ne ya kashe wani saurayi mai sayar da lemo a bakin gada, don kawai ya ga fuskar 'yan fashi. Waya ta hau ƙara.

"Allah ya tsine wa Dambarau!"

"Wallahi na kasa ci, abincin ya tsaya mini a wuya."

"Littafin nan bai dace da matan aure ba. Rufaida, yaushe za ki turo na gaba?"

Tana cikin dariya aka kira salla. Ladan bai rufe baki ba, wani abu ya daki taga. Ƙwas. Ta ɗaga kai. Ƙwas, na biyu. Hawa na sha bakwai fa, wane hannu ne zai kawo jifa nan? Na ukun ba a jikin taga ya tsaya ba. A tsakar ɗaki ya faɗo, taga kuwa a kulle, gilashi bai ko tsage ba. Hadijatu ta shigo ta ɗauka, ta yar da sauri. Dutsen da zafi, kamar yanzu aka ciro shi daga murhu.

Dakta da ya dawo ya ce tsuntsaye ne. Mutumin kirki ne, amma irin masu ilimin nan ne da sai abu ya mare su suke yarda.

Washegari magariba na yi jifa ya dawo. Rana ta uku kuwa, suna zaune a falo su ukun, sai suka ji ana karatu a ɗakin Rufaida. Muryarta ce, ba tantama, da gargadarta da komai, tana jan sunan nan a hankali. Ga kuma Rufaida a kan kujera kusa da uwarta, leɓenta a rufe. Ta juyo za ta ce Umma. Baki ya buɗe, babu abin da ya fito.

Kwana tara baiwar Allah ba ta ce uffan ba. An kai ta asibiti, an leƙa maƙogwaro, an ɗauki hoto, aka ce lafiyarta ƙalau. Tana ci kaɗan, tana rubuta abin da take so a takarda. Matan guruf da suka ji labari, maimakon su yi shiru, sai suka ce ai Dambarau ne, suka ƙara buɗe masa wuta. Duk ranar da tsinuwa ta yi yawa a waya, ranar duwatsu sun fi yawa a ɗaki. Hadijatu ta rame. Ta daɗe a kan sallaya fiye da kullum, tana kuka ƙasa-ƙasa, ba wanda ya san me take roƙo.

Rana ta goma Dakta ya sauke kai, ya ɗauko Malam Abdulgani. Dattijo ne ɗan Zariya, yana zaune a Sri Petaling yana karatun digirinsa na uku, mutane na kai masa irin wannan lalura. A jirgin ƙasa ya zo, da laimarsa da gorar ruwa. Ya ce a bari sai an yi magariba. Da aka idar ya sa aka zaunar da Rufaida a kan tabarma, uwarta ta riƙe kafaɗunta, ya fara karatu.

Ya daɗe yana yi. Fanka na juyawa, amma ɗakin ya yi nauyi kamar an rufe shi da bargo. Can yarinyar ta sanƙare, kanta ya langaɓe, sai wata murya ta tsoho ta fito daga ƙirjinta.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni a banza."

"Wane ne kai?"

"Wanda suke tsine wa."

"Dambarau ai na littafi ne."

"Na littafi?" Ya yi wata dariya busasshiya. "Sunana ne tun kafin a haifi kakan kakanka. Marubuciyar wajen boka ta je, ta ce ya ba ta sunan gaske don littafinta ya yi ban tsoro. Ya ba ta nawa. Ni da nake zaune a tsohuwar rijiya ina sallata, ban taɓa kashe ko kaza ba, aka wayi gari ni ne mai shaƙe mutane a bakin gada."

"To ka je wa marubuciyar mana."

"Ita sau ɗaya ta rubuta ta wuce. Wannan ce ke kira na, kullum magariba, da muryar da ake ji har ƙasan ruwa. Shi ya sa na karɓe muryar."

Malam ya ce, "An zalunce ka, na yarda. Amma kai ma zalunci kake yi. Me kake so?"

"A janye tsinuwar."

"Mata ɗari uku? Ina zan tara maka su? Ni matata guda ma ba kullum take jin maganata ba."

"Bar waɗancan. Da yatsa suke tsinewa suna cin gyaɗa, cizon sauro ne. Guda ɗaya ce ke ci na kamar wuta. A sujada ake yin ta, da hawaye, kuma a gidan nan."

Idon Rufaida ya juya a hankali, ya tsaya a kan fuskar uwarta.

Dakta ya ce, "Hadijatu?"

Ba ta dube shi ba. Da ta yi magana, da ƙyar ake ji.

"Ina da ƙane, Haliru. Shekararsa sha bakwai 'yan daba suka sare shi a bakin kasuwa a Kano, yana dawowa daga aikena. Ba a kama kowa ba. Ko fuskarsu ba wanda ya ce ya gani. Shekara ashirin da biyu ke nan, Malam, in na ɗaga hannu ba ni da sunan da zan kai ƙara wajen Allah. Da na ji babin mai lemon nan, sai na samu suna."

Malam ya ce a hankali, "Hajiya, ba shi ba ne."

"Na sani. Amma in na janye, wa zan kai ƙara?"

Sai muryar tsohon ta sauko, ta yi laushi, irin laushin da ya fi tsawa ban tsoro.

"Baiwar Allah, muna da masu yawo a kasuwar nan tun lokacin. Zan iya tambayo miki. Su nawa ne, sunan kowa, da inda yake kwana yau. Ki janye tsinuwar, ki bar mini muryar yarinya, na saba da ita. Ni kuma in kawo miki sunaye."

Malam ya ɗaga murya. "Ashe mai sallar ma ɗan ciniki ne! Hajiya, ko gaskiya yake faɗa ko ƙarya, ban sani ba. Kada ki saya."

Kada kowa ya zage ta don ta yi shiru. Wanda bai wanke gawar ƙanensa ba bai san nauyin shirun nan ba. Ta daɗe kanta a sunkuye, jirgin ƙasa ya wuce can ƙasa, wani ya sake wucewa. Dakta ya buɗe baki, Malam ya ɗaga masa hannu. Sannan ta sa tafin hannunta a wuyan 'yarta, daidai maƙogwaro.

"Riƙe sunayenka. Allah ya san su, ba ya bukatar in gaya masa. Na janye abin da na faɗa a kanka, ka yafe mini. Ba ni muryar 'yata."

"Da sharaɗin ba za ta ƙara kira na ba."

Malam ya ce, "Ba za ta ƙara ba. Kai kuma ka yi rantsuwa ba za ka dawo ba, ko ta taga ko ta mafarki."

Ya yi rantsuwar, yana gunaguni kamar tsohon da aka tasa daga barci. Malam ya tofa a ruwa ya yayyafa mata. Rufaida ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki, ta zube a cinyar uwarta.

Malam na jan carbi, Dakta ya durƙusa yana kiran sunanta. Can ta buɗe ido. Ta haɗiyi yawu, ta yi tari, leɓenta ya motsa sau biyu ba sauti.

Sai muryar ta fito, a dishe, ƙarama, amma tata ce.

"Umma, me ya sa ba ki taɓa gaya mini ina da kawu ba?"

Hadijatu ta rungume ta, kuka ya ƙwace mata. Da ta samu kanta ta share fuska da gefen mayafi, ta ce, "Sha ruwa tukuna. Sannan ki yi ta tambaya, duk abin da kike so. Ni dai in ji kina magana."