Akushin Baba Maccido

"Mi za ki dahwa muna jibi, sanyin idona?" Hamidu ya tambaya yana murmushi. "Dangi duka za su zo cin girkinki na hwarko... har Baba!"

Tasalla ba ta ɗago daga tsintar gero ba.

"Tuwon dawa da miyar kuka. In ka samo busasshen kifin Kalmalo, in zuba ciki. Yara a yi musu masa da zuma, kada su dami mutane da kuka. Tsofaffin mata hura da nono."

"Baba fa? Kin san haƙoransa sun ƙare."

"Nashi daban ne," ta ce a hankali. "Da hannuna zan yi shi."

Hamidu ya fita yana jin daɗi.

A bakin tafkin Kalmalo ya fara ganinta tana sayar da kifi, ya yi ta zarya wata shida har ta yarda. Tana son shi, Allah ya sani. Amma ranar da aka kawo ta Illela, tana jin muryar surukinta a zaure, sai ta tsaya cak. Ta san muryar nan.

Shekara bakwai da suka wuce, shekarar yunwa, lokacin da Nasara suka riga suka kafa turakun iyaka tsakanin Illela da Konni, ita da innarta da ƙanwarta Abu suka tsallako daga Konni da ƙafa. A ƙofar wannan zauren suka durƙusa. Rumbu huɗu ta ƙirga ta saman katanga. Mai gidan ya fito, ya dube su, ya ce a ɗebo musu dusar jakai.

Kwana goma sha ɗaya suna tuƙa dusar nan. Cikin Abu bai ɗauka ba. A bayan Tasalla ta cika.

Ranar taro gida ya cika tun azahar. Ƙamshin man shanu da daddawa ya kai har titi, yara na ta wawar masa, gwaggwanni na lashe yatsa suna cewa Hamidu ya yi dace. Tasalla ta ɗauko sabon akushi, ta rufe da faifai mai ado, ta miƙa wa mijinta.

"Na Baba. Kai za ka aje shi gabansa."

Ta bi shi a baya, ta laɓe jikin zana inda take hango zauren. Ta san abin da zai biyo. Tsoho zai yi ihu, a ce amarya ta ba uban miji abincin jaki a gaban jama'a, kafin la'asar a ɗaure mata kayanta. Ta yarda. In dai garin zai ji sunan Abu, ta yarda!

Maccido ya ɗaga faifai kaɗan. Tuwo ne baƙi, mai ƙaiƙayi, ba miya, ba gishiri. Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya jawo akushin jikinsa, ya kare shi da hannun riga, ya yi bismilla.

Ya ci. Yana tari, idanunsa na ruwa, yana turawa.

"Maccido, ɗan ba mu mu taɓa na amarya mana!" wani amininsa ya zolaye shi.

"Wanga nawa ne ni kaɗai," ya ce, ya suɗe akushin tas.

Bayan baƙi sun watse ya zo jikin zanan, ya tsaya ta waje kamar yadda suruki ke yi. Hamidu na bayansa riƙe da akushin, ya shinshina, fuskarsa ta canja.

"Dusa?! Tasalla, mi kika sa na kai wa ubana da hannuna?"

"Yi shiru, Hamidu," in ji tsohon. "Ɗiyata... ku uku ne, ko? Da ƙarama a goye."

"Sunanta Abu!" Muryarta ta fashe. "Abu! Akwai gero a rumbunka, Baba, na gani da idona!"

"Akwai. Ba zan yi miki ƙarya ba. Tsoro na ji kada ya ƙare... kuma har damina ta faɗi bai ƙare ba." Ya gyara riƙon sandarsa. "Kwana nawa kuka ci?"

"Goma sha ɗaya."

"To, saura goma. Ki aiko min kullum."

Ya juya yana dogara sanda. Hamidu ya bi bayansa. Ranar a zaure ya kwana.

Kwana huɗu tana aikawa, akushi na dawowa a suɗe. Tana jin tarin tsohon daga madafa, tana jiran daɗin da ta shekara bakwai tana tanadi, bai zo ba. Rana ta biyar ta tankaɗe dusar sau uku, ta ɓoye man shanu a ƙasan tuwon.

Hamidu ya dawo da akushin ba a taɓa ba.

"Ya ce wanga ba irin wanda Abu ta ci ba ne."

Tasalla ta zube a gindin murhu ta fashe da kuka. "Zai mutu... kashe shi zan yi, ko? Ni ma in zama shi?"

Hamidu ya durƙusa gabanta, karo na farko cikin kwana biyar. Ya jawo akushin, ya gutsuri loma ya kai baki, ya haɗiye da ƙyar.

"Da kin gaya min tun a Kalmalo, zuciyata, da ba ki ɗauki wanga kaya ke kaɗai ba."

Ta share hawaye da gefen zane, ta tashi ta ɗora tukunya. Ta dama kunun gero mai laushi, ta sa nono da zuma, ta ja mayafi. Wannan karon ba ta aiki kowa ba. Ta ratsa tsakar gida har ƙofar zaure, ta durƙusa daidai inda ta taɓa durƙusawa.

"Baba," ta ce, tana miƙa masa ƙwaryar kunun, "sha. Sauran kwanakin na yafe."

Tsohon ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu, hawayensa na ɗiga cikin kunun.