Giwa a Takardar Ƙosai

Ƙosai ne ya haɗa su a tashar Yendi, shekarar da faɗa ya lafa. Sualihu ya duba takardar da aka ƙunsa masa, sai ya daina tauna. Zanen giwa ne, mai ya jiƙa shi, ga hatimin ɗakin karatun yara da yake kula da shi a Salaga kafin a wawushe shi.

"'Yar'uwa, ina kin samu wannan?"

Atikatu mai ƙosan ta ce buhu guda ta saya a kasuwa. Da ya faɗa mata asalinsa, kunya ta rufe ta har na cikin kasko ya ƙone. Ashe littattafan yara take ta yagewa.

Washegari ta koma ƙunshi da ganye. Ta bi masu gyaɗa da masu tsire, tana ba su tsohuwar jarida tana karɓo shafuka. Sualihu kuwa ya zama ɗan Yendi ƙarfi da yaji, kullum wai shafi ya zo karɓa.

"Malamina, yau fa babu takarda."

"To Tika, ai akwai ke."

Sualihu ya zauna ya zana wa yara labarin a ɗan littafi, don su san ko ana yaƙi littafi abin tsarewa ne. Sai dai so bai hana shi wauta ba: a shafin farko ga Atikatu nan, fuskarta sak, tana yaga littafi.

Ranar da ya je neman aurenta, mahaifinta Zuberu ya ga zanen, ransa ya ɓaci.

"Ka kunyata ɗiyata, kuma ka zo neman aurenta? Ga Muniru mai shanu can a Bawku yana jira, shi bai zana kowa ba."

Sualihu ya kasa ɗaga kai. Ya kama shafin zai yage a gabansu, Atikatu ta dafe takardar.

"Baba, ni na yi, kuma har yau kunya nake ji. A bar shi, yara su gani su kiyaye. Na gaji da ganin ana yaga takarda."

Zuberu ya ce a buɗe masa shafi na biyu. Bai ajiye ba sai da ya kai ƙarshe, sannan ya ce ya ba shi ita.

Bayan girbin doya aka ɗaura aure, dattawa suka sa albarka, baƙi suka ci ƙosai a ganye. Amarya ta tare a Salaga da buhun shafuka cikin kayanta, giwar nan a sama. Allah ya ba da zaman lafiya.